Kunne Kafin Ma'ana: Asali da Farin Jinin Kalmomi Masu Amsa-amo a Ingilishin Yau da Kullum

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani rukunin kalmomi da Turawan Ingila da na Amurka ke yawan furtawa a hira, waɗanda aka gina su a kan amsa-amo, irin su *hocus-pocus* da *willy-nilly* da *okey-dokey*. Ta bibiyi asalin wasu daga cikinsu, ta duba ƙa'idojin sauti da ke tafiyar da ƙirarsu, sannan ta nemi dalilin da ya sa suka ƙi mutuwa. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, ɓangaren nan da ake gani kamar ba shi da ma'ana shi ne ke ɗauke da matsayin mai magana game da abin da yake faɗa, ko raini, ko zolaya, ko shaƙuwa.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya koyi Ingilishi a aji, ranar da ya fara zama cikin masu harshen yakan ci karo da tarin kalmomin da littafin nahawu bai shirya shi a kansu ba. Mai shago zai karɓi kuɗinsa ya ce *okey-dokey*. Uwa za ta lallaɓa ɗanta ya yi aikin gida, ta ce masa ai *easy-peasy* ne. Ɗan majalisa zai miƙe ya kira bayanin minista *mumbo jumbo*. Kowa ya gane abin da aka ce. Amma da za ka raba kalmar biyu ka tambayi Bature mene ne *dokey* ko *peasy*, dariya zai yi, domin ba su nufin komai in suna tsaye su kaɗai.

Masana sun daɗe da lura da su, ko da yake da yawa sun ɗauke su wasan yara. Henry Wheatley ya tattara su a ƙamus guda tun 1866. Otto Jespersen ya ware musu babi a juzu'i na shida na babban littafinsa na nahawun Ingilishi, wanda ya fito a 1942, sannan Nils Thun na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ya rubuta cikakken kundi a kansu a 1963. An saba kasa su gida uku. Akwai cikakken ninki, inda ake maimaita kalma yadda take, kamar *bye-bye* da *hush-hush*. Akwai ninki mai sauya wasali, kamar *zigzag* da *chit-chat*. Na uku, wanda shi ne jigon wannan maƙala, ninki ne mai sauya baƙin farko ya bar sauran kalmar, har a sami amsa-amo.

2.0 Daga ina suka fito?

Amsa-amo baƙo ne a adabin Ingilishi. Tsofaffin waƙoƙin harshen, irin su Beowulf, an gina su ne a kan maimaita baƙin farkon kalmomi, wato karangiya, ba a kan daidaita ƙarshen layuka ba. Ragowar wannan ɗabi'a tana nan a maganganu kamar *kith and kin* da *spick and span*. Amsa-amon ƙarshe ya shigo ne ta waƙoƙin coci na Latin, ya kuma yi ƙarfi bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kusan yadda ƙafiya ta shigo rubutacciyar waƙar Hausa ta hanyar Larabci. Zuwa ƙarni na 14, zamanin mawaƙi Chaucer, ya zauna daram. Daga ƙarni na 16 zuwa na 17 kuwa sai irin waɗannan tagwayen kalmomi suka yi ta ɓullowa a rubuce. *Hurly-burly* da *helter-skelter*, masu nufin hargitsi da gudun ya-da-ƙanin-wani, duk ana samun su a wasannin kwaikwayon Shakespeare.

Ba hanya ɗaya suka biyo ba. Wasu cikakkun jumloli ne da yawan furuci ya goge su. *Willy-nilly* ta fito daga *will he, nill he*, inda *nill* tsohuwar kalmar aikatau ce mai nufin ƙin yarda. Ma'anarta ta asali ita ce ko an ƙi ko an so. Da *nill* ta mutu a bakin jama'a, sai aka daina jin jumla a ciki, aka koma jin sauti kawai, har a yau da yawa suna amfani da ita da nufin yin abu barkatai. Sautin ne ya ja ma'anar zuwa wajen 'yan'uwanta masu nuna rashin tsari. Mai jin Hausa ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin ka-ce-na-ce ma jumla biyu ce ta dunƙule ta zama suna.

Wasu kuma kalma ce guda da aka lanƙwasa don ta amsa kanta. Faransanci yana da *hochepot*, sunan wata dahuwar haɗin-gambiza ta nama da kayan lambu. Ingilishi ya are ta a matsayin *hotchpot*, kuma har gobe lauyoyi na amfani da wannan sigar a shari'ar gado, da nufin tattara dukiya wuri guda kafin a raba. Amma bakin talaka bai bar ta haka ba. Ya mayar da *pot*, wadda ke da ma'ana sarai, wato tukunya, zuwa *potch* wadda ba ta nufin komai, don kawai ta dace da *hotch*. Wannan misali yana da muhimmanci ga hujjata: an jefar da ma'ana da gangan an sayi amsa-amo.

Kaɗan ne daga cikinsu aka san wanda ya ƙirƙiro su, kuma *namby-pamby* na cikinsu. A farkon ƙarni na 18 akwai wani mawaƙi mai suna Ambrose Philips wanda ya riƙa rubuta waƙoƙi masu zaƙin baki yana yabon 'ya'yan manya ƙanana. Abokan hamayyarsa suka ga abin ya yi kama da maganar goyo. A 1725 Henry Carey ya rubuta waƙar zambo yana kwaikwayonsa, ya raɗa masa suna. Ya gutsure Ambrose ya koma Amby, yadda ake wa yaro, ya ɗora masa baƙin /n/ ya zama Namby, sannan ya ɗauko /p/ na Philips ya ƙera Pamby. Alexander Pope, wanda dama ba sa ga-maciji da Philips, ya taya yaɗa sunan. Yau ba mai karanta waƙoƙin Philips sai ɗaliban adabi, amma duk Bature ya san *namby-pamby* na nufin mutum mai sanyin jiki, marar ƙashin baya.

*Hocus-pocus* ta bayyana a farkon ƙarni na 17 a bakin masu rufa-ido, har wani littafin koyar da siddabaru da ya fito a 1634 ya sa ta a sunansa. A ƙarshen wannan ƙarni John Tillotson, wanda ya zama Babban Limamin Kantabiri, ya ce gurɓataccen kwaikwayo ne na kalaman Latin da limaman Katolika ke furtawa a kan gurasa yayin ibada. Bayanin ya yi farin jini ƙwarai. Sai dai a tuna, Tillotson yana tsakiyar muhawara da Katolika ne lokacin da ya faɗe shi, kuma bayanin ya yi masa rana fiye da kima. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne Latin ɗin bogi ne kawai, irin wanda mai wasa ke zubawa don ya ɗauke hankalin 'yan kallo daga hannunsa.

Akwai wadda ta taso daga Afirka ta Yamma. Francis Moore, ma'aikacin kamfanin cinikin Ingila a Kogin Gambiya, ya ba da labari a littafin tafiye-tafiyensa na 1738 game da wani dodo mai rufaffiyar fuska a garuruwan Mandinka, wanda ke fitowa ya yanke hukunci a rikicin aure. Ya rubuta sunansa Mumbo Jumbo. Mungo Park ya sake ambatonsa a 1799. Duk yadda sunan yake a bakin Mandinka, kunnen Bature ya daidaita shi ya zama tagwaye masu amsa-amo, kuma cikin lokaci ma'anarsa ta koma surkulle ko maganar da ba ta da kan gado. Tarihin raini ne a dunƙule cikin kalma guda: abin da Bature bai fahimta ba, sai ya zama sunan duk abin da ba shi da ma'ana.

A ƙarni na 20 Amurka ce ta karɓi ragama, ta hanyar jarida da rediyo da kiɗan jaz. Mai zanen barkwanci Billy DeBeck ya saka *heebie-jeebies*, wato tashin tsigar jiki don fargaba, a zanensa na Barney Google a 1923. *Okey-dokey* ta biyo baya a shekarun 1930, an gina ta a kan *OK*, wadda Allen Walker Read ya gano ita ma da wasa ta fara, a wata jaridar Boston ta 23 ga Maris, 1839. *Nitty-gritty*, wadda marubutan jaridun Nijeriya ke ƙauna ƙwarai, ta fito daga maganar baƙaƙen fatar Amurka. Labarin da ake yaɗawa cewa tana nufin dattin ƙasan jiragen bayi ba shi da wata shaida a rubuce, kuma kalmar ba ta bayyana ba sai shekaru masu yawa bayan an daina wannan fatauci. Mutane ba sa son a ce musu kalma ta fito daga daɗin sauti kawai, shi ya sa sukan ƙaga mata tarihi.

3.0 Ƙa'idar da ba a koyarwa

Wasa ne, amma ba a yin sa yadda aka ga dama. Ka ce wa Bature *pocus-hocus* ko *zag-zig*, nan take zai ji an yi kuskure, ko da ba zai iya faɗin dalili ba. A ninki mai sauya wasali, wasalin sama na gaba, /i/, shi ke zuwa farko, sannan /a/ ko /o/ ya biyo: *tick-tock*, *flip-flop*, *dilly-dally*, *ping-pong*. Harshe na faro daga sama ya sauka ƙasa, baki na ƙara buɗewa. Hausa ma da ta tashi ƙera kiki-kaka, jerin da ta bi ke nan.

A ninki mai amsa-amo kuwa, William Cooper da John Robert Ross sun nuna a 1975 cewa ɓangaren farko yakan fara da sauti mai laushi, wanda iska ke wucewa ba tare da an tare ta sosai ba, na biyu kuma ya fara da mai tsauri, musamman tsayau. Shi ya sa /h/ ta yi yawa a farko, baleɓe irin /p/ da /b/ suka yi yawa a ƙarshe: *hanky-panky*, *higgledy-piggledy*, *hodge-podge*, *roly-poly*. Inda kalmar farko ta fara da wasali ma haka ne, kamar *itsy-bitsy* da *argy-bargy*. Akwai masu karya dokar, irin su *teeny-weeny* da *boogie-woogie*, don haka rinjaye ne ba tilas ba.

Sai kuma kari. Ingilishi harshe ne mai ɗora nauyin murya a kan gaɓa ɗaya cikin kalma, kuma mafi yawan waɗannan tagwaye gaɓa huɗu ne, mai nauyi da marar nauyi sau biyu. Karin waƙoƙin raino ke nan. Ga kuma ɗafa-ƙeyar *-y* ko *-ie* da ke ƙarshen yawancinsu, wadda ita ce alamar ƙanƙantawa da ake liƙa wa sunayen yara. Kafin Bature ya san ma'anar kalma irin wannan, ƙirarta ta riga ta gaya masa cewa ba a ɗauki abin da zafi ba.

4.0 Amsa-amon da aka ɓoye

Gabashin Landan ya zo da nasa salon daban. Cockney, bisa al'ada, shi ne wanda aka haifa inda ake jin ƙararrawar cocin St Mary-le-Bow, wato talakan birni, ɗan dako ko mai tura baro. John Camden Hotten, a ƙamusunsa na sara na 1859, ya kawo jerin wata irin magana da ya ce ta ɓulla a shekarun 1840 a bakin masu tallar waƙoƙi da labarai a titi. Yadda ake yi shi ne, a ɗauki kalmar da ake nufi, a musanya ta da wani furuci mai amsa-amo da ita, sannan, a nan gwanintar take, a yar da ɓangaren da ke ɗauke da amsa-amon.

A ɗauki mai saye a kasuwa yana son a miƙo masa kaya ya duba. Kalmar dubawa ita ce *look*. Tana amsa-amo da *butcher's hook*, ƙugiyar da mahauci ke rataye nama. Sai a yar da *hook*, mai saye ya ce *let's have a butcher's*. Baƙon da ke tsaye a gefe ya ji an ambaci mahauci a rumfar da ba nama, ya rasa gane kan zancen. Haka *head* ta zama *loaf of bread*, har *use your loaf* ta zama yi amfani da ƙwaƙwalwarka. Ƙarya, *lies*, ta zama *pork pies*, ta koma *porkies*. Aboki, *mate*, ya zama *china plate*, ya koma *china*, kuma wannan ta yi ƙaura har Afirka ta Kudu inda take raye. Sunayen mutane ma ba su tsira ba. Tod Sloan, Ba'amurke mahayin dawakin sukuwa da ya yi tashe a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, ya bar *on your tod*, wato kai kaɗai. Ruby Murray, mawaƙiya 'yar Belfast ta shekarun 1950, sunanta ya zama sunan miyar kori ta Indiyawa, kuma da yawan masu cewa za su je cin *ruby* a yau ba su taɓa jin muryarta ba.

An sha faɗin cewa ɓarayi ne suka ƙirƙiro wannan salo don su ɓatar da 'yan sanda. Ban gamsu ba. Ɗan sandan Landan na wancan zamani a mashayar unguwannin nan yake zama, kuma sirrin da rabin gari ya sani ba sirri ba ne. Ya fi kama da zaurance: ɓoyewar ba ta kai nuna gwaninta da tantance ɗan gida muhimmanci ba. Abin da ya shafi hujjata shi ne, a nan amsa-amo yana aiki ko da ba a furta shi ba. Mai sauraro ne ke cike gurbin a zuciyarsa, kuma cikewar ita ce shaidar cewa shi na ciki ne.

5.0 Me ya sa kunne ke son su?

Amsa ta farko ita ce sauƙin riƙewa. Roman Jakobson, a jawabinsa kan alaƙar ilimin harshe da waƙa wanda aka buga a 1960, ya ɗauki taken yaƙin neman zaɓen shugabancin Amurka na Eisenhower, wanda ake wa laƙabi da Ike, na 1952, *I like Ike*, ya nuna yadda gaɓa uku masu wasali iri ɗaya suka sa mai so da wanda ake so suka narke cikin juna. Babu manufa ko alkawari a cikin taken, amma ya zauna a baki.

Amsa ta biyu ta fi ban tsoro. A 2000 Matthew McGlone da Jessica Tofighbakhsh sun buga sakamakon wani gwaji a mujallar Psychological Science. Sun ɗauko maganganun hikima da ba a sani ba sosai, masu amsa-amo, suka canza kalma ɗaya a kowace don amsa-amon ya ɓace amma ma'ana ta tsaya, misali *woes unite foes* da *woes unite enemies*, duk suna nufin wahala kan haɗa kan maƙiya. Mahalarta suka fi gaskata masu amsa-amon. Da aka ja hankalinsu su raba daɗin sauti da abin da maganar ta ƙunsa, sai bambancin ya ragu. Wato abin da ya zo wa ƙwaƙwalwa da sauƙi, takan ɗauke shi kamar gaskiya. Lauyoyi sun riga masana sanin haka. A shari'ar kisan kai da aka yi wa O. J. Simpson a Los Angeles, ranar 15 ga Yuni, 1995, masu gabatar da ƙara suka sa shi ya gwada safar hannun da aka kawo shaida, ya yi ta kokawa da ita a gaban masu taya alƙali yanke hukunci, ta ƙi shiga sosai. Da lauyansa Johnnie Cochran ya zo jawabin ƙarshe, sai ya dunƙule watanni na shaidu cikin layi guda, *if it doesn't fit, you must acquit*, in ba ta shiga ba, dole ku sallame shi. Aka sallame shi. Ba na cewa layin ne ya ci shari'ar, amma shi ne abin da jama'a suka riƙe daga cikinta.

Duk da haka, sauƙin riƙewa bai isa ya bayyana tagwayen kalmominmu ba, domin *easy* ta fi *easy-peasy* gajarta, *super* ta fi *super-duper* sauƙin faɗa. Me ɓangare na biyu ya ƙara? Aikinsa kamar na 'yan amshi ne a gaban makaɗi: ba su kawo sabon zance ba, amma su ke nuna wa taro yadda za a ɗauki wanda aka faɗa. In aka jera ma'anonin waɗannan kalmomi za a ga sun taru a 'yan wurare kaɗan: hargitsi, yaudara, girman kai, lalaci, ƙanƙanta, da soyayyar da ta yi yawa, kamar *lovey-dovey*. Da wuya ka sami ɗaya mai nufin abin da ake girmamawa. Ba a yi wa mamaci ta'aziyya da su. Wanda ya kira mace *hoity-toity* bai tsaya ga cewa tana da ɗagawa ba, ya nuna ɗagawar tata abin dariya ce. Wanda ya ce *hanky-panky* ya ambaci almundahana ko lalata, amma ya sassauta ta yadda za a iya faɗa a gaban surukai.

Babu inda wannan ya fito fili kamar salon da Yahudawan Gabashin Turai masu jin Yidish suka kai Amurka. Sama da miliyan biyu daga cikinsu sun yi ƙaura can tsakanin 1880 da 1924, akasari zuwa birnin New York, kuma 'yan barkwancinsu sun yaɗa wata dabara: a maimaita kalma a musanya farkonta da *shm-*. *Fancy* na nufin ƙasaitacce, *fancy-shmancy* kuwa na nufin wai shi ƙasaitacce. Kowace kalma za a iya yi mata haka nan take, kuma ma'anar ɗaya ce kullum, wato ban ɗauke shi a bakin komai ba. Turkanci na da makamancin wannan da /m/, kamar *kitap mitap*, sai dai can ma'anar ita ce littafi da makamantansa. Ƙira ɗaya, amma Ingilishi ya karkatar da ita wajen raini, kamar yadda ya yi wa sauran.

6.0 Abin da ya shafi mai fassara

Mai fassara labarai zuwa Hausa da ya mayar da *argy-bargy* saɓani ya kawo ma'ana ya bar murya a baya, alhali ka-ce-na-ce na nan, haka cuwa-cuwa ta fi almundahana kusa da *hanky-panky*. Masu harshe kan yi wannan zaɓi da kansu ba tare da sun jira masana ba. A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Galvin, wanda ya zama Motorola daga baya, ya ƙera wa sojojin Amurka rediyon sadarwa da ake goyawa a baya, aka raɗa masa *walkie-talkie*, daga tafiya da magana. Da na'urar ta iso ƙasar Hausa, ba a ari wannan suna ba. An saurari abin da soja da ɗan sanda ke faɗa a cikinta duk lokacin da suka gama magana, wato *over*, aka ninka shi, ta zama oba-oba.